Kurege a Cikin Goran Kura

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, ko da mai ɗaci ce.

Wata shekara aka yi shela cewa saura kwana uku a buɗe Tafkin Baƙin Ruwa a yi su. Tafkin nan shekara guda yake yi a rufe, ba mai taɓa kifinsa sai Sarkin Ruwa, wato Kada, ya ce a shiga. Ranar kuwa biki ce, a yi kiɗa, a yi iyo, kowa ya koma gida da abin miya. Doka ɗaya ce: goran da ya fi nauyi na Sarkin Ruwa ne.

Daji ya kama shiri. Wannan na ɗinkin homa, ragar kamun kifi, wancan na kankare gora. Kurege ba homa, ba gora, bai iya iyo ba, amma duk dajin ba wanda ya kai shi son tarwaɗa.

Sai ya tafi gidan Kura. Ya tarar tana ƙulla homa, 'ya'yanta uku na riƙe mata zare. Ga goranta a gefe, ƙato, irin wanda masunci ke kwanciya a kai yana yawo bisa ruwa, in ya kama kifi ya jefa ta baki.

"Sannu da aiki, Gwaggo."

"Yawwa, ɗan nan. Kai ina naka shirin?"

"Ni bana ciwon baya ya hana ni. Shawara kawai na kawo. Kakanni sun ce wanda ya leƙa cikin goransa kafin a tashi daga su, kifi gudunsa yake yi."

Kura ta dafe ƙirji. "Ashe! Shi ya sa bara na tashi da ƙarfasa biyu!"

Ran su da safe Kurege ya faki ido ya faɗa cikin goran. Lissafinsa ke nan: Kura ta jefa, shi ya ci, gora ya zauna ba nauyi, ba ruwan Kada da shi.

Ashe Kura ba ta gama shiri ba. Ta runtse ido don kada ta leƙa, ta kifa goran bisa hayaƙin ƙaiƙayi don ƙwari su mutu. Kurege ya manne, ya haɗiye tari. Ta kai shi bakin tafki ta danna cikin ruwa ta ga ko yana yoyo. Kurege ya sha ruwa, ya haɗiye tari. Ta ƙwanƙwasa shi da dutse ta ce, "Bana goran nan har da amo!"

Aka buga ganga, aka faɗa ruwa. Kura ta jefa tarwaɗa cikin goran, Kurege ya ci. Ta jefa ƙarfasa, ya ci. Ta jefa kurungu ba ta karya masa ƙaya ba, ya soki Kurege a cinya. Ya yi hawaye, ya ci. Ta jefa, ya ci, ta jefa, ya ci, har ciki ya tokare wuya.

Da la'asar aka jera goruna aka jinjina su ɗaya bayan ɗaya. Nan Kurege ya gane abin da ya manta: kifin da aka ci a cikin gora yana nan a cikin gora. Na Kura ya fi na kowa nauyi. Aka yi guɗa, aka kai shi gaban Kada.

Kurege ya gwada fita, ciki ya hana. Kada ya ɗaga wutsiya ya fasa goran. Sai ga tarin ƙaya, ga Kurege zaune a tsakiya kamar tulu.

Kada ya ce, "Ina kifina?"

Kurege ya zube ƙasa. "Ranka ya daɗe, a bi mini hakkina! Kura ce. Ta cinye kifin a tsakiyar ruwa, ta ɗura mini laka, ta cusa ni ciki don a ji nauyi. Dubi cinyata, shaidar haƙorinta ce."

Kura ta ce, "La ila! Wallahi ko leƙawa ban yi ba!"

"Ka ji ko, ranka ya daɗe? Akwai mai gora da ba ya leƙa goransa?"

Kada ya dubi Kurege, ya dubi Kura, ya auna maganar. Kurege loma ɗaya ne, Kura kuwa abincin kwana uku.

Ya ce, "Gaskiya tana wajen ƙaramin."

Ya cafki Kura ta ƙafar baya ya ja ta cikin tafki. Ruwa ya yi kumfa, ya yi ja, ya kwanta. Makaɗa suka rataya gangunansu. A gida 'ya'yanta sun ɗora tukunya tun azahar, ruwan ya tafasa ya ƙone.

Da kwana uku Kurege ya je ta'aziyya yana ɗingishi. Ya fi kowa kuka, ya ci gumba sau biyu. Da zai tashi ya ja babban ɗan gefe ya ce, "Allah Ya jiƙan Gwaggo. Baɗi wane ne a cikinku zai shiga su?"

Ƙurunƙus kan kurungu. Wanda zai ci kifin wani ya nemi maƙwabci mai jiki, don ranar shari'a da ƙiba ake auna laifi.