Dila a Layin Bakin Coci

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta.

A wani ƙauye can ƙasar Ingila, inda ruwan sama ba ya hutawa, an yi wani Dila mai ladabin tsiya. Ko wutsiya ka taka masa, shi zai ba ka haƙuri.

Ran nan yunwa ta murɗe masa ciki. Sai ya je gidan Madam Dinya, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya cire hula.

Ya ce, "Madam, in ba damuwa, na zo ne in cinye ki."

Dinya ta dake. Ta ce, "Haba Malam Dila, ƙarfe huɗu ta yi! Wa ke cin maƙwabci lokacin shan shayi?"

Kunya ta kama shi. Sai ya zauna, ya sha shayi kofi bakwai, ya yi godiya, ya tafi.

Washegari ya dawo ƙarfe biyu. Dinya ta leƙo ta taga ta ce, "Ka ga hadarin nan kuwa?"

To, a ƙasar ba a katse zancen ruwan sama. Sai suka yi ta yi: ruwan jiya, ruwan bara, ruwan da ya tafi da takalmin kakar Dinya. Suna ciki huɗu ta buga. Shayi kuma!

Rana ta uku ya yi sammako, ido ja wur. Dinya ta ce, "Na yarda, amma sai ka bi layi. Ga shi can bakin coci."

Dila ya hango layi zuƙut, kowa riƙe da laima. Sai ya tsaya a baya, ruwa na dukansa, har hantsi. Da ya gaji, ya taɓa na gabansa.

"Gafara dai, layin cin Dinya ne?"

Laimomi suka ɗaga. Karnukan farauta talatin!

Na gaban ya ce, "A'a, yallaɓai, na farautar dila ne. Tun asuba ba mu samu ko guda ba."

Dila ya cika wandonsa da iska. Karnuka suka bi shi, amma a layi, don ba mai tsallake wani. Na farkonsu kuwa tsoho ne mai ɗingishi. Da haka Dila ya sha, bai ƙara waiwayar ƙauyen ba.

Shi ya sa, kafin ka shiga layi, ka tambayi abin da ake rabawa.

Kurunkus, kan tsohon kare!