Auta da Gurbin Riɗi

Akwai wani matashi da kowa ke kira Auta, tun daga gida har wurin aiki. Shi da yayarsa suke sana'ar rubuta manhajar kwamfuta. Ku da kuke bin shafin nan, ku karanta har ƙarshe. Ba na son mai karanta rabi ya zo yana yi min tambaya.

Yayar ce ta koya masa aikin. Ita ta gina manhajar da wani babban asibiti yake raba wa majinyata abinci da ita. Likita zai faɗi abin da mutum ba zai ci ba, na'ura ta buga a 'yar takarda, a liƙa a jikin tire, masu girki su bi.

Ga yadda abin yake daga ciki. Kowane majinyaci, kwamfuta ta ware masa lamba guda. A cikin lambar akwai gurabe talatin da biyu, kamar makunnan wuta jere a bango, kowanne ko a kunne ko a kashe. In na farko yana kunne, ban da gishiri. Na biyu, ban da sukari. Akwai na madara, na ƙwai, na kifi, haka har ƙarshe. Lambar ba ta ɗaukar fiye da haka, kuma duk guraben sun cika.

Ana haka yayar ta samu juna biyu, cikin ya tsufa, likita ya hana ta tashi daga gado. Ta bar wa Auta ofis.

Ba a jima ba asibitin ya nemi a ƙara abu ɗaya: abinci mai laushi kawai, saboda marasa iya haɗiya. Da hannu nas-nas suke rubuta wannan, sun gaji. Auta ya ce musu gobe su same shi a shirye.

Ya zauna ya ƙara gurbi na talatin da uku. Yana kunna shi, sai na gishiri ya kunna kansa. Ya sake, haka dai. Ya kira yayarsa.

"Yaya, akwatinki ya cika. Na ƙara ɗaya, ya koma ya taɓa na farko."

Ta ce, "Ai haka zai yi. In ka wuce ƙarshe, farko yake komawa. Ka buɗe lamba ta biyu kusa da ta farkon, sabbin gurabe su tafi can."

"Kin san yawan wuraren da zan taɓa kuwa? Na'urar kicin, allon nas-nas, ɗakin magani, kowanne sai na koya masa duba lamba biyu."

"Na sani, ni na gina su. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ka ce su ci gaba da rubutawa da hannu har ka gama."

"Na riga na ce musu gobe."

"Wa ya aike ka?"

Auta ya yi dariya. "Ke dai ki kwanta ki rainar min yarona. Allah Ya sa kada ya ɗauko tsoro irin naki."

"Auta, kada zuciyarka ta raya maka ka ari gurbin wani abu. Ka ji ni ko?"

"Wane ni, Yaya."

Ya ajiye wayar, ya yi abin da aka hana shi. Ya duba majinyatan da suke kwance a ranar, ya nemi gurbin da ba a kunna wa kowa ba. Ya samu ɗaya, na riɗi. Akwai mutanen da in riɗi ko mansa ya shiga bakinsu, maƙogwaronsu kumbura yake yi ya toshe, amma a ranar babu irinsu ko ɗaya a asibitin. Auta ya goge sunan riɗi daga gurbin, ya rubuta abinci mai laushi. Kafin shayinsa ya huce ya gama.

Washegari shugaban asibitin ya dafa kafaɗarsa, ya ce ashe ƙanen ya fi yayar sauri. Auta ya kwana da wannan magana a ransa yana jin daɗi, bai gaya wa yayarsa komai ba.

Abin da bai tsaya ya tuna ba shi ne waɗanda aka sallama. Lambobinsu suna nan a ajiye, da makunnansu yadda aka bar su. Kwamfuta kuwa ba ta san riɗi ba, makunni kawai ta sani. Duk wanda aka taɓa kunna masa gurbin nan saboda riɗi, in ya dawo, takardarsa za ta fito da abinci mai laushi, ba a ambaci riɗi ko kusa ba.

Makonni suka shuɗe. Wata rana gab da abincin rana, Auta yana ɗakin kwamfutoci na asibitin, can ƙasan bene, wayar bango ta yi ƙara. Wata nas ce daga ɗakin yara.

"Malam, na'urarku lafiya? Wata uwa ce nan ta tayar mana da hankali. Ta ce bara an rubuta ban da riɗi a tiren 'yarta, yau kuma abinci mai laushi aka rubuta, alhali yarinya haƙoranta ras. Ta hana a ba ta."

"Na'ura ba ta ƙarya, Sista. Wataƙila uwar ce ta..."

Sai ya tuna da gurbin riɗin da ya ara.

Ya ce, "Kada ku ba ta komai." Ya saki wayar tana lilo, ya faɗa kan kujera. Ya jawo kwamfuta gabansa. Ya nemi duk wanda aka kunna masa gurbin tun kafin ya sauya sunan, kuma yake kwance yanzu. Mutum biyu suka fito. Yarinyar nan, da wani tsoho a ɗakin maza na saman bene, gadon jikin taga. Da safiyar nan aka kawo shi, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ba ya magana.

Wa zai ga abinci mai laushi a tiren mai shanyewar jiki ya yi tambaya?

Ya zaro wayarsa ta hannu, ya kira ɗakin mazan. Wayar ta yi ta ƙara, ba wanda ya ɗauka. Ya kira kicin, shugabar masu girki ta ɗauka, ƙarar tukwane a bayanta.

"Mama, don Allah a tsayar da keken abincin saman bene."

"Ɗana, keken sama shi ke fara tafiya. Ya tafi tuntuni."

"Me ke cikin mai laushin?"

"Dankali da kabewa, a niƙe. Sai man riɗi da muke zubawa don ya zame a maƙogwaro. Wai me ya faru?"

Ya fita da gudu. Lif, na'urar hawa bene, ya buɗe, gadon majinyaci ya cika shi, ga masu turawa. Ya juya ya kama matakala. Yana hawa yana danna lambar yayarsa.

"Yaya, na ari gurbin riɗi."

Nan take ta jefo masa tambaya.

"Wa ke kwance?"

"Wani tsoho, ɗakin maza na sama, gadon taga. Ba ya magana. Abinci ya tafi."

"Kashe wayar nan ka yi gudu. Ni zan kira likitan gaggawa."

Ya yi gudu. Takalminsa ɗaya ya fita, bai waiwaya ba. Ƙirjinsa kamar zai tsage, yana hawa yana roƙon Allah a ce tsohon barci yake, a ce mai ba shi abincin ta fara daga ɗaya gefen ɗakin, a ce cokali ya faɗi an je nemo wani.

Ya banko ƙofa. A gadon taga, wata mai taimakon jinya, mace mai manyan shekaru, tana zaune da kwano a hannu, ta sa wa tsohon tawul a wuya.

"Haba Baba, ƙara ɗaya dai. Kai da aka ce min jarumi ne? Tun ɗazu sai kawar da kai kake yi kamar yaron goye."

Tsohon ya ji ƙamshin man, ya san abin da ke cikin kwanon. Ya datse baki iya ƙarfinsa, ya juya fuska, amma ba shi da bakin faɗa. Ita kuma ta ɗauka rigimar tsufa ce, ta yi ta lallashi har ta samu abin da ta samu. Kwanon ya kusa rabi.

Auta ya buge cokalin daga hannunta.

"Kai, lafiya? Wane ne kai?"

"Riɗi. Ba ya cin riɗi."

Ta ɗago tiren, ta nuna masa takardar. "Ina aka rubuta? Ka duba da idonka."

Bai duba ba, don ya fi kowa sanin abin da ke jiki. Tsohon yake kallo. Leɓɓansa sun fara tashi, wuyansa ya yi rudu-rudu, numfashinsa yana fita da wani siririn sauti kamar iska ta ƙarƙashin ƙofa. Idanunsa a buɗe, a kan Auta.

Likita ta shigo da sauri da allura a hannu, nas biyu a bayanta, don kiran yayar ya riga ya same ta a hanya. Ta ce kowa ya fita. Aka ja labule.

Auta ya zame ya zauna a ƙasa a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ba takalmi. Mai taimakon jinyar ta tsaya jikin bango tana kuka a hankali, tana cewa ita takarda ta bi, shekara da shekaru takarda take bi. Daga cikin ɗakin ana jin muryar likita tana neman a miƙo mata bututu, tana cewa a ƙara, a sake.

Sai ga ɗan tsohon ya taho, magidanci, riƙe da jakar kayan sawa da ya koma gida ɗaukowa. Ya ga labule a ja, ya ga mai kuka.

"Me ya samu Baba?"

Matar ta ce, "Ni na ba shi abinci mai man riɗi, ɗana. Wallahi ban sani ba."

"Riɗi? Ai da safe na faɗa a wurin karɓar majinyata. Suka ce kada in damu, yana cikin kwamfuta tun zuwansa na bara."

Auta ya ɗago kai. Da ya yi shiru, da matar nan ce za ta ɗauki laifin. Ya ce, "Yallaɓai, ba ita ba ce. Yana ciki, ni na goge. Wuri ya ƙare mini, na ɗauki na riɗi na sa wani abu."

Mutumin ya juyo gare shi. Bai ɗaga murya ba.

"Wuri ya ƙare maka."

"Na ɗauka ba mai amfani da shi."

"Ka tambayi wa?"

Mutumin ya nuna masa bakin ƙofar.

"To ka zauna nan. Mahaifiyata tana hanya. In babana bai tashi ba, kai za ka gaya mata, da bakinka, yadda ka gaya min."

Suka zauna jira. Wayar Auta tana ta rawa a aljihu, yayarsa ce, ya kasa ɗauka. Duk wanda ya fito daga ɗakin da gudu yake wucewa, ba ya kallon kowa. Keken abinci ya dawo da kwanonin da aka gama, ya wuce ta gabansu yana ƙara. Auta ya haɗa kai da gwiwa. Ba aikinsa yake tunawa ba, ba yabon da aka yi masa ba. Sautin numfashin nan kawai yake nema ta cikin labule, kuma ba ya jin sa.

Can likita ta fito tana cire safar hannu, goshinta duk gumi.

"Yana numfashi. Mun sa masa bututu, za mu kai shi ɗakin kulawa ta musamman. Wadda ta kira ni a waya, ku gode mata. Da sai an sauko nemana, da ba wannan maganar muke yi ba."

Ɗan tsohon ya ajiye jakar, ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa suna girgiza. Da aka turo gadon, ya dubi Auta a ƙasa ya ce, "Janye ƙafarka, ka tare wa babana hanya."

Tsohon ya rayu, amma ya daɗe da bututu a wuya, jinyar da ya zo yi ta koma baya. Asibitin ya hana Auta sake taɓa manhajarsu. Yayar ce, daga kan gadonta, da kwamfuta a kan matashi, ta mayar wa riɗi gurbinsa, ta buɗe lamba ta biyu. Duk wanda makunninsa ke kunne sai da aka bi aka tambaya, na riɗi ne ko na laushi, don kwamfuta ba ta iya bambancewa. Auta ne ya yi ta kiran mutanen a waya, yana zaune a ƙasa gefen gadonta, kowa sai ya yi masa bayanin dalilin kiran.

Darasi: In wuri ya cika, a faɗaɗa shi ko da aikin zai daɗe, kada a ture abin da aka tarar don ba a ga mai shi a kusa ba. Wanda ya riga ka a aiki in ya ce kada ka taɓa, ka tambayi dalili kafin ka kira shi matsoraci. Ku masu zama gaban kwamfuta, abin da kuke gogewa da yatsa ɗaya, wani bawan Allah da ba zai iya buɗe baki ya kare kansa ba ne ya dogara da shi. Ku tura wa duk wani mai gaggawa da kuka sani, ya karanta kafin ya yi alkawarin gobe.