Takardu Bakwai na Haladu

An yi wani bawan Allah, jama'a, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba. Haladu ake ce masa. Ƙaramin ma'aikacin asibiti ne, irin wanda ake wucewa ba a ko ɗaga masa hannu.

Wata shekara aka tura shi wani ƙauye can bayan fadama, aka ba shi takardu arba'in. Ku saurara ku ji aikin. A soki ɗan yatsan yaro, a ɗiga jini a kan takarda mai kauri, a bari ya bushe a inuwa, a aika birni. Can masana su duba ko jikin yaron yana da garkuwar ƙyanda. Ƙauyen da yaransa ba su da ita, shi za a fara kai wa rigakafi kafin bazara, don allurar ba za ta ishi kowa ba.

To, mutanen ƙauye suka ji baƙo ya zo neman jinin yara. Ai shi ke nan! Aka ce maye ne. In ya yi sallama, a yi shiru. In ya shiga sahu a masallaci, na kusa da shi ya matsa. A sahu fa, jama'a! Kwana tara yana shan garin kwaki shi kaɗai a zauren da aka ba shi, yana korar ƙuda daga kan takardunsa, ba mai ce masa sannu. Gida bakwai kacal suka yarda. Wallahi in na tuna zaman nan nasa, tausayi yake kama ni.

Ran na goma abokin aikinsa Tanimu ya zo ɗaukarsa a babur. Ya duba jaka, ya riƙe baki.

"Bakwai? Haladu, Oga zai cire ka daga aikin nan."

"Abin da na samu ke nan."

"Kai ba jini a jikinka? Yatsu goma Allah ya ba ka. Soka, ka ɗiga, ka rubuta sunaye. Takarda ta san mai jini ne?"

Haladu ya ce, "Tanimu, na yi ƙyanda ina ɗan shekara huɗu. Ita ta tafi da ƙanwata, ni na tashi. Garkuwar tana jinina har yau. In na ɗiga, can birni za su ce yaran nan sun tsira, a tsallake su."

"Yaran mutanen da suka ce maka maye?"

"Yaran ba su ce ba."

Ya koma da bakwai ɗinsa. Oga ya watsa masa sauran takardun a gaban mutane, ya ce rago ne, aka mai da shi mai sharar sito. Amma da aka duba bakwan nan, shida ba su da garkuwa ko kaɗan. Aka sake tura ma'aikata da wasiƙar hakimi, aka yi wa ƙauyen rigakafi. Da bazara ƙyanda ta ratsa ƙasar, su kuwa ba su binne yaro ko ɗaya saboda ita ba.

Kuna tsammanin an je an gode masa? Ina! Ba wanda ya ko gaya masa yaran sun tsira. Tanimu ne ya ba ni labarin da bakinsa, yana hawaye, ranar da muka kai Haladu makwancinsa. Mu goma sha ɗaya ne kacal a jana'izar.

Jama'a, amana ita ce abin da ka yi inda ba mai duba ka, ga mutanen da ba za su gode maka ba. Kai malamin da ke cike sakamakon ɗalibin da ba ka duba ba, kai magini da ke rage siminti a ƙarƙashin ƙasa, ke mai awo a bayan labule, akwai wanda ƙaryarku za ta faɗa wa, kuma ba ku san fuskarsa ba. In gaskiya ta bar ka kai kaɗai, ka zauna kai kaɗai. Allah yana ganinka, ya kuwa isa.

Allah ya jiƙan Haladu, ya ba mu ikon riƙe amana.