Likitar da Ta Ƙi Sallamar Mai Walda

An yi wani mai walda, mutum mai fara'a da ƙwazo, sai dai Allah ya yi shi da gajen haƙuri. Wata rana tukunyar gas ta fashe a shagonsa, wuta ta ci masa ƙirji da hannuwa. Aka kwantar da shi a sashen masu ƙuna.

Da ya fara jin dama, sai ya tubure lallai a sallame shi. Likitar sashen kuwa kowace safiya sai ta sa an ɗebi jininsa.

"Likita, wai sayar da jinin nan kuke yi ne?" in ji shi. "Ni fa garau nake."

Ta jawo kujera ta zauna. "Malam, duk mai ƙuna irin taka jikinsa na zafi, zuciyarsa na bugawa da sauri. Ido ba ya rabe zafin ƙuna da na ƙwayar cuta. Amma akwai sinadarin da ke hauhawa a jini da zarar cuta ta fara shiga. Naka jiya ya ɗaga, yau ya ninka."

Matarsa ta ce, "Amma likita, ga shi har tsokana yake yi."

"Shi ya sa nake so mu riga cutar, 'yar'uwa."

Ya ja tsaki ya juya wa bango fuska. Likitar ba ta yi zuciya ba. Ta aika jini a gano ƙwayar, ta sa masa magani ta jijiya, sannan ta kwance bandeji ta bi ciwon a natse, har ta gano inda ya fara ruɓa a ƙarƙashin hammata, ta kankare shi.

Washegari da hantsi sanyi ya rufe shi, haƙora na kaɗawa, ya daina gane matarsa. Matar ta fashe da kuka. Likitar ta dafa ta.

"Kwantar da hankalinki, magani ya riga ya shiga."

Ta wuni a kansa. Da yamma ya buɗe ido, ya gan ta tsaye, ta cire takalma saboda ƙafafunta sun kumbura. Ya daɗe yana kallonta, hawaye na gangara. Da ƙyar ya ce, "Allah ya jiƙan mahaifa."

Darasin shi ne, jin sauƙi daban, warkewa daban. Mu riƙa haƙuri da masu kula da mu idan sun hango abin da ba mu gani ba. Wanda kuma aka damƙa wa ran wani, kada fushin majinyaci ya sa ya saki abin da ya tabbatar daidai ne.