Malam Gershon da 'Yar Gidan Andrawus

Malam Gershon shi ne mai ba ɗalibai shawara a wata makarantar sakandare da ke Godogodo, inda ni ma nake koyar da Turanci. Mutum ne mai tsafta, ba ya makara, ba ya fashi. Aibinsa guda ne: ya ɗauka kallo ɗaya yake yi wa yaro ya san abin da ke cikin kansa. Ya shekara ashirin da biyu a garin, ya koyar da iyaye ya koyar da 'ya'yansu, saboda haka idan ɗalibi ya shiga ofishinsa ba ya wahalar buɗe fayil. Sai ya tambaya, "Gidan wa?" Da ya ji amsa, aiki ya ƙare.

Duk ƙarshen shekara 'yan aji uku kan yi layi a ƙofarsa don a raba su, wasu ajin kimiyya, wasu na adabi, wasu na kasuwanci. Ƙa'ida ita ce a zauna da yaro, a duba sakamakonsa, a ji burinsa. Shi kuwa yakan sallami yara saba'in kafin a fita hutun ƙarfe tara, har yana alfahari da hakan.

A layin wannan shekarar akwai Mildred, 'yar wani manomin citta mai suna Andrawus. Yarinya ce mai shiru, baki na sarƙe mata a gaban malamai, shi ya sa ta rubuto buƙatarta a 'yar takarda: tana son ajin kimiyya don ta zama nas. Malam Gershon ya karanta, ya tambayi gidansu, ta faɗa. Nan take ya tuna yayyenta biyu, Boaz da Meshak, waɗanda suka faɗi jarrabawar fita sau bibbiyu.

Ya ce, "Yarinya, gidanku ba a yi ku don lissafi ba. In kin ga gemun ɗan'uwanki ya kama wuta, shafa wa naki ruwa. Ki nemi sana'ar hannu tun da wuri."

Ƙofa a buɗe take, duk 'yan layi suka ji, suka kwashe da dariya. Da ya shigo ɗakin malamai ya maimaita zancen yana kwaikwayon yadda ta sunkuyar da kai. Ni ma na yi dariya ranar. Har yau idan na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mildred ta koma gida ta ce wa babanta ta gama boko. Andrawus ya riga ya sha takaici sau biyu, bai ja da ita ba, ya ce ai malamai sun fi su sani. Aka kai ta Kafanchan wajen ƙanwar mamanta, ta fara koyon ɗinki a kasuwa. Da aka dawo hutu babu wanda ya tambayi inda take.

A watan Nuwamba sakamakon jarrabawar aji uku ya iso. Malama Kubra, mai koyar da lissafi, wadda take hutun haihuwa lokacin rabon azuzuwa, ta shigo da takardar tana neman Mildred don ta taya ta murna. Ashe Mildred ce ta fi kowa maki a lissafi da kimiyya a makarantar. Aka ɗauko fayil ɗinta, sai ga shi shekara uku ba ta taɓa wuce ta uku a aji ba. Malam Gershon ya yi ta jujjuya fayil ɗin. Shugaban makaranta bai yi masa faɗa ba, ya dai ce bakin da ya kore ta shi zai je ya dawo da ita.

Ni na raka shi ranar Asabar. Mun same ta tana taka keke a wata rumfa kusa da layin masu atamfa. Ta miƙe da sauri, ta share mana benci, ta sayo mana ruwa, tana ta murnar malamanta sun tuna da ita. Wannan ladabin ya fi zagi ciwo. Malam Gershon, mai yawan magana, ya yi ta in-ina kafin ya roƙe ta gafara. Ya nuna mata sakamakon, ya ce kujerarta tana nan a ajin kimiyya.

Mildred ta daɗe tana kallon takardar, ba ta miƙa hannu ba.

Ta ce, "Sa, ina ga mistek ne suka yi a rizol ɗin. Kai ne ka karanta wannan aiki, ka san mu tun daga gida. In na koma na faɗi kamar su Boaz, ina zan sa kaina?"

Ya rantse mata cewa shi ne ya yi kuskure, ba takardar ba. Ni ma na sa baki. Ta yi murmushi, ta ce Ubangiji ya saka mana da alheri, amma kada mu damu, ta riga ta san iyakar kanta. Sau uku yana komawa Kafanchan, har da Malama Kubra da faston su Mildred. Abin da ya faɗa mata cikin minti biyu ta yarda da shi ɗari bisa ɗari. Da ya zo janye shi, ba ta yarda ba. Ba ta sake shiga aji ba.

Darasin da ke nan shi ne, yaro yana ganin kansa ne da idon malaminsa. Duk wanda aka ba amanar yi wa ɗalibi jagora, ya saurare shi, ya duba aikinsa, kada ya auna shi da sunan gidansu ko faɗuwar yayyensa. Kuma kada ya yanke masa hukunci cikin gaggawa, balle a gaban jama'a. Rusa ƙwarin gwiwar yaro ba shi da wuya, amma sau da yawa wanda ya rusa shi ba ya iya gina shi, ko da ya dawo da gaskiya a hannunsa.