Man Kawu Barmo da Motar Hakimi

Don Allah kar ku ce ni na faɗa. Hakiminmu ya sa haraji kan duk fetur da aka shigo da shi gari, sai namu ya fi na maƙwabtanmu na Gidan Tudu tsada. Ya ce wa Kawu Barmo, ɗan bumburutu, "Ka sayar a farashinsu, ko in kwashe jarkokinka."

Kawu ya mai da teburinsa bayan gari, inda harajin bai kai ba, ya karya farashi. Hakimi ya zo ya cika mota.

Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, sai ina?"

"Gida mana."

"To wa zai shigar da man nan gari? Ga mai karɓar harajinka can."

Wallahi a ƙafa Hakimi ya koma, ya bar motar a can. Washegari aka soke harajin.