Babu Kowa a Bayansa

An yi wani mutum a nan Karolina ta Arewa, direban motar tsere. Yana raye har yau, saboda haka mu sakaya sunansa, mu kira shi Harlan.

Allah ya ba Harlan hannu. Tun yana saurayi, in ya kama sitiyari sai ka ce da shi aka haife shi. Amma Allah bai ba shi zama ba. In an zuba masa shayi mai ƙanƙara, a tsaye yake shanyewa. In ana addu'ar safiyar Lahadi a gareji kafin tsere, kowa ya sunkuyar da kai, shi ƙafarsa na kaɗawa, idonsa na kan mota. Abu ɗaya yake so a duniya: ya sami kujera a cikin motar manyan tseren Lahadi, kuma in ya zauna kada wani ya tashe shi.

Ya samu kuwa. Daga ƙananan filayen ƙauye aka ɗauke shi zuwa matsakaita, daga can zuwa manya. Duk inda ya je, kawunsa Vernon, ƙanen mahaifiyarsa, yana tare da shi.

Kun san yadda direba yake a cikin motar nan. An ɗaure shi tamau, hular kwano a kansa, wuyansa ma a ɗaure, ba halin waiwaye. Abin da ke gefensa sai dai a gaya masa. Shi ya sa kowane direba yake da mutuminsa a kan rufin rumfar 'yan kallo, riƙe da madubin hangen nesa, yana yi masa magana ta rediyo. Shi ne idonsa. Kawu Vernon shi ne idon Harlan. In mota ta jero da shi sai tsohon ya ce, "Akwai mota a damanka, tana nan, tana nan." In ta gushe sai ya ce, "Babu kowa." Da Harlan ya ji kalmar nan, hannunsa ya riga tunaninsa juya sitiyari. Shekara da shekaru haka suke, kuma tsohon bai taɓa jefa shi a rami ba.

To, a manyan filaye irin na Alabama, inda ba a ɗaga ƙafa daga totur, iska ce ke mulki. Mota ita kaɗai iska tare ta take yi kamar bango. Amma in biyu suka jeru, ta gaba tana tsaga iska, ta baya ta sa bamba, wato ƙarfen goshinta, tana turawa, sai su wuce kowa. A can inji kaɗai ba ya cin tsere. Sai da mai turawa. Kuma a kan rufin nan ake ƙulla wannan. Idon wannan direba ya matsa kusa da idon wancan ya ce, "In taku ta fita daga layi, tamu za ta bi ta." Su yi musabaha, shi ke nan. Ba takarda, ba shaida. Hannu ne kawai.

Harlan yana da aboki, Royce, wanda suka tashi tare tun a filayen ƙauye. Royce yana tuƙa wa wani ƙaramin gareji mai fama da kansa. Mai garejin ya riga ya faɗa cewa in ba su yi abin kirki a Alabama ba, zai rufe. Harlan ya san da haka.

Ranar tseren, Kawu Vernon ya ba idon Royce hannu. Royce zai tura Harlan har su kai gaba, in ƙarshe ya zo Royce ya fita daga layi, Harlan ya bi shi, sannan su biyu su fafata a bakin layin gamawa, mai rabo ya ɗauka.

Royce ya cika nasa. Wuni guda bambarsa na manne da ta Harlan, har suka kai sahun gaba. Da zagayen ƙarshe ya zo, layi ya sauya, Royce ya sami kansa a gaban abokinsa, ya karkata dama ya fita. Harlan ya ɗan karkata kamar zai bi shi, sai ya koma cikin layi, ya cike gurbin da Royce ya bari. Iska ta kama Royce shi kaɗai. Motoci suka yi ta wuce shi kamar yana tsaye. Harlan ya ci kofi.

Bayan an gama, Royce ya same shi a bakin gareji, hularsa a hannu.

"Mutumina, ina ka shige? Na duba madubi ban gan ka ba."

Harlan ya yi dariya. "Tsere ne fa, Royce. In mai riƙe maka hannu kake nema, coci na nan a buɗe."

Royce ya dube shi, ya dubi kofin, ya juya. Garejinsu ya rufe kafin lokacin sanyi. Royce ya koma jan katako da babbar mota a cikin daji.

A hanyar komawa gida Kawu Vernon ya ce, "Ɗana, hannuna fa na bayar."

"Hannunka ne, Kawu, ba nawa ba. Kofi kuwa ga shi nan a kujerar baya."

"Yaro, rufin nan ba shi da faɗi. Mu ɗin nan ne dai kowane mako."

Harlan ya ƙara sautin rediyon mota.

Ya 'yan uwa, a nan ne ya kamata mutum ya tsaya. Zunubin farko yana zuwa da ɗaci a baki, kuma ɗacin nan rahama ce. Wanda ya saurare shi ya tsira. Harlan bai saurara ba. Ya ga ya ci amana sama ba ta faɗo ba, har ma tafi aka yi masa. Sai ya sake. Ya yi wa wannan, ya yi wa wancan. Ya yi wa sabon yaro da ya shigo yana ganin girmansa. Ya yi wa wanda suke tuƙa wa maigida ɗaya.

Ya sami natsuwa da haka? Ina! Kofi na hannunsa yana tunanin na mako mai zuwa. Ya bar garejin da ya raine shi ya koma wani, ya bar wancan ya koma na uku. Ya gina gida a bakin tafki bai zauna a cikinsa ba. Matarsa ta gaji da yi wa ƙeyar mutum magana, ta kwashe kayanta. In ya shiga ɗakin cin abinci na direbobi, hira sai ta mutu. Shi kuwa yana cewa hassada ce.

Wanda ya sha kunyar shi ne tsohon da ke kan rufi. Da ya hau matakala sai a fara yi masa ba'a.

"Ga Vernon nan, jama'a, kowa ya sa hannunsa a aljihu."

"Wanda ya gaisa da shi ya duba ko yatsunsa sun cika."

Ya yi murmushi kawai ya tsaya a gurbinsa. Me zai ce? Ɗan 'yar uwarsa ne.

Shekaru suka tura. Samari suka shigo da zafinsu. Kofi ya yi wa Harlan nisa. Ran nan maigidansa, Mista Gaskins, ya kira shi ya ce, "Harlan, masu zuba mana kuɗi, waɗanda sunansu ke jikin motar nan, sun gaji da ganinta a baya. Ranar Lahadi a Alabama ka kawo min ita cikin na gaba-gaba. Ban ce sai ka ci ba. In ba haka ba, akwai wanda ke jiran kujerar."

"Yallaɓai, ni ake gaya wa Alabama?"

"Kai nake gaya wa."

Ranar Lahadi ta zo da zafi. Allah cikin ikonsa, tseren ya yi wa Harlan kyau. Ana dab da gamawa yana cikin layin ƙasa, wato na gefen hagu, motoci ƙalilan ne a gabansa, sauran duk suna biye da shi kamar jerin gwano. Da ya zauna a inda yake, da kujerarsa ta tsira. Ku riƙe wannan da kyau. Abin da ya fita nema yana hannunsa.

Kawu Vernon ya ce masa ta rediyo, "Zauna a layi, ɗana. Wannan ya ishe mu."

Amma Harlan yana hango ta farko. Ga ta nan, kamar ya miƙa hannu. Ƙafarsa ta hagu ta fara kaɗawa.

"Kawu, nemo min mai turawa."

"Ka bari, yaro."

"Na ce ka nemo min!"

Tsohon ya sauke madubinsa, ya bi rufin yana taɓa kafaɗun mutane. Na farko bai ko juyo ba. Na biyu ya ce rediyonsa ta lalace, alhali yana magana a cikinta. Motar da ke bayan Harlan kuwa, idonta shi ne Delbert, wanda a da yake yi wa Royce aiki.

"Delbert, don girman Allah. In tamu ta fita, taku ta bi ta."

Delbert bai cire ido daga madubi ba. Ya ce, "Ka gaishe min da shi, Vernon. Ka ce masa Royce na daji yana jan katako. In ya dawo zai tura shi."

Aka kaɗa farar tuta, saura zagaye ɗaya. Ƙarar injuna ta cika duniya, rediyo na ƙaraf-ƙaraf. Harlan ya daka tsawa, "Kawu, wa ke tare da ni? Yi magana mana!"

Tsohon ya danna maɓalli da baƙin ciki ya faɗi gaskiya. "Babu kowa, ɗana. Babu kowa."

Hannun Harlan ya juya sitiyari.

"A'a! Ba haka nake nufi ba! Koma! Koma layi!"

Ina za a koma? Ta baya ta riga ta cike gurbin. Harlan ya duba madubi, ya ga kwalta fayau. Iska ta dake shi a ƙirji. Motar da yake gani kamar ya taɓa ta fara yin nisa. Layi ya kama wuce shi ta hagu, mota bayan mota, kuma kusan kowace ya san mai tuƙa ta, ya san ranar da ya ci amanarsa. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya buge shi. Wucewa kawai suke yi.

Har a lokacin, da ya haƙura ya gama a baya, da ya fito da ƙafarsa. Amma mutumin da bai taɓa jira ba, a ina zai koyi haƙuri cikin zagaye ɗaya? Ya hangi 'yar tazara tsakanin motoci biyu, wadda ba ta isa ba. Kawu Vernon na ihu, "Akwai mota! Tana nan! Tana nan!" Wannan karon ya ji sarai, amma ya ƙi. Ya kutsa. Aka taɓa bayansa, motar ta juya, ta tashi sama, ta daki katanga.

An fito da shi da rai. Ƙashi ya warke, kai ne bai warke ba. In ya dubi abu sai ya ga biyu, in ya juya da sauri jiri ya ɗebe shi. Likita ya ce ba shi ba tuƙi, ko da zuwa kantin unguwa. Mista Gaskins ya aiko da furanni, ya ba wani kujerar. Kawu Vernon bai ƙara hawa rufi ba. Ya ɗora wa harshensa laifin da ba nasa ba, ya tattara ya koma wurin 'yarsa a Tennessee.

Har yau a gareji ana gardama. Wasu sun ce kuskuren ji ne. Wasu sun ce ya gane sarai, girman kai ne. Ko ma wanne ne, ya 'yan uwa, ba kalma ce ta kayar da shi ba. Me ya sa amsar ta zama haka tun farko? Wa ya kwashe mutane daga bayansa, ɗaya bayan ɗaya? Shi da hannunsa. Alkawari kaya ne, ko da a kan rufi aka ɗauke shi, ko da hannun wani aka ƙulla maka. Wanda ya ci amana yana ganin shi ya ci riba, bai san cewa ranar buƙatarsa ya cinye tun ba ta zo ba. Ba kuma masu tsere kaɗai nake nufi ba. Kowannenmu akwai wanda ya tura shi har ya kai inda yake. Ka tuna da shi? Ka san halin da yake ciki yau? In ka bar shi a iska, kada ka kai Lahadi mai zuwa ba ka nemi gafararsa ba.

Yanzu Harlan yana zaune a wani ƙaramin gida a bayan gari. Kun san ƙauyukanmu, babu bas. In ranar ganin likita ta zo, sai ya tako zuwa gidan mai na mahaɗar hanya ya tsaya. Ba ya iya tsayuwar ma, kai-komo yake yi tsakanin famfon mai da bakin titi. Mutanen gareji suna wucewa a motocinsu na ɗaukar kaya. Sukan ɗaga masa yatsa ɗaya daga kan sitiyari, irin gaisuwarmu. Ba sa taka birki.

Ban ba ku labarin nan don ku yi masa dariya ba. Ya biya, kuma yana kan biya. In hanya ta bi da ɗayanku ta mahaɗar nan, ya ga wani mai furfura yana safa da marwa yana duban titi, ya tsaya ya buɗe masa ƙofa. Zai gaya maka kana tafiyar hawainiya. Ka yi haƙuri ka kai shi.

Allah ya kiyaye mu da cin amana. Ya sanyaya mana zukatan da ba sa zama. Ya sa mu cika abin da muka ɗauka, kada ranar buƙata ta same mu mu kaɗai. Amin.